Abin da Ke Cikin Ƙahon Garmaho

Babana mai tara faifan busar baƙaƙen Amurka ne. Wata la'asar ya tafi da ni gidan wani akawun reluwe a Nguru, zai sayi garmahonsa. Da aka ɗora faifai, sai sautin ya fito a shaƙe.

Baba ya leƙa ƙahon, ya ce, "Uwata, hannunki ne ƙarami, zura ki ji."

Na zura, na jawo mushen ɓera da ya fara narkewa. Nan take busa ta washe. Baba ya lumshe ido yana kaɗa kai, ni kuwa ina tsaye da hannu a miƙe yana wari, ina jira ya dube ni. Bai duba ba.

Har yau in rediyo ya saki irin busar nan, buta nake nema in wanke hannu.