Shawarar Malam Daudu

Bijimai biyu Ukasha ya kai kasuwar Gwiwa, ya dawo Kazaure da igiyarsu kawai a hannu. Matarsa Ma'u ta dubi igiyar, ta dube shi, ta ce, "To Malam, Allah ya sa injin naka ya iya huɗa."

Wurin wankin mota gare shi a bakin titin Daura. Shekara shida yana cin kasuwarsa lafiya, sai wani ya buɗe irinsa a tsallaken titi, direbobin manya suka fara sulalewa can ɗaya bayan ɗaya. Ukasha kuwa ya daɗe da gane halin mai mota: in an gama wanki ba ya leƙa rufi, zagayawa yake ya dubi taya, ya ɗan taɓa ta da ƙafa. In ta yi baƙi wuluk tana sheƙi, to an wanke mota. Shi ya sa ya ƙudurta sayen injin da ke shafa wa taya mai da kansa. Bijiman na gadon mahaifinsa ne, babu na uku. In ya zaɓa ba daidai ba, ya rasa shanu, ya rasa direbobi.

Dillalai biyu suka riƙa yi masa zarya daga Kano. Na farko Shafi'i, mai injin feshi, wanda ke magana da hannu da gira. "Yallaɓai, wannan ba inji ba ne, likitan taya ne. Fsss ta dama, fsss ta hagu, direba ya yi gaba yana sa maka albarka." Na biyu Jalaluddeen, siririn saurayi mai wushirya, wanda sai ka matso kake jin abin da yake faɗa. Nasa injin dogon soso ne mai juyawa: mota na wucewa a hankali, yana shafar gefen tayar.

A makon ne kuma wani dattijo daga Babura, Malam Daudu, ya fara kawo tsohuwar akori-kurarsa wanki. Tun motar ba ta gama yin datti ba yake sake kawo ta. Ya zauna kan benci a gindin darbejiya, ya yi ta ba mutane dariya, shi ma yana yi har iska na bi ta wushiryarsa. In Shafi'i ya zo, sai su shafe awa guda suna tsokanar juna.

Amma da Jalaluddeen ya doso, sai dattijon ya kawar da fuska wajen duwatsun Kazaure. Saurayin ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaida shi. Amsar ba ta wuce "Mm." Ya ƙara matsowa, Malam Daudu ya ɗauki buta, alhali ko alamar azahar babu. In dole ta sa ya ambace shi, sai dai ya ce "wancan."

Ranar Laraba kan Ukasha ya ɗauki zafi, ya je ya rage tsawo gaban benci.

"Baba, in kai ne, wanne za ka ɗauka?"

"Ni ban saba yabon wancan ba, kuma ba yau zan fara ba," in ji dattijon, yana kakkaɓe hularsa. "Sai dai shi mai feshi, iska na kaɗawa man zai sauka kan birki da fenti. Ga maiƙo. Mota ta bi jar hanyar ƙauyukan Roni, kafin ta isa taya ta koma kamar tsiren da aka barbaɗa wa yaji. Na soso kuwa inda ya shafa man yake tsayawa, ƙaramin janaretanka ma ya ishe shi. Sosonsa sai ya yi wata takwas."

"A ina ka san duk wannan, Baba?"

"Ana ji a gari."

Da ya koma gida cin abincin rana, Ukasha ya zayyana wa Ma'u hikimarsa. Mutumin da ko kallonka ba ya son yi, ya buɗi baki ya yabi kayanka, ai babu shaidar da ta fi wannan.

"Zaginsa yake yi?" Ma'u ta tambaya.

"Ina. Ko sunansa ba ya kamawa."

Ta ce "Uhm," ta juya baya ta ci gaba da tankaɗe. Kafaɗunta na ta rawa, ya ɗauka nauyin rariya ne.

Ranar Asabar aka kafa injin soso. Motar farko ta fito, tayoyinta kamar an tsoma su a tawada. Direban ya zagaya, ya taɓa da ƙafa, ya ciro waya ya kira abokinsa. Kafin sati biyu layi ya kai bakin titi, mai tsallake ya koma leƙe ta saman katanga. Malam Daudu kuwa, motarsa ta daina yin datti kwata-kwata.

Abu ɗaya ya tsaya wa Ukasha a rai. Mutane biyu sun yi masa alheri, ga shi ba sa ga maciji da juna. Ya ɗaura niyyar sulhu. Da Jalaluddeen ya zo duba injin, ya ja shi gefe, ya sassauta murya irin ta masu sasanta rigima.

"Ɗan'uwa, tsakaninka da Allah, me ka yi wa dattijon nan na Babura? Faɗa mini, ni zan je har gida in ba shi haƙuri."

Jalaluddeen ya sunkuyar da kai, ya yi murmushi har wushiryar ta bayyana.

"Laifin ɗaya ne, yallaɓai, kuma ba ya gyaruwa. Ni ne ɗan farinsa."