Mai Fenti da Sulken Mayaƙan Da

Tunda ka ce kunyar tambaya ce ke damunka, saurari wannan. An yi wani mai fenti da ya shahara wajen ƙawata 'yan mutum-mutumi, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. Wata rana gidan adana kayan tarihi ya kawo masa mahaya goma sha biyu, siffar mayaƙan Turai da suka je yaƙi Ƙudus a zamanin da, aka ce ya yi musu launi daidai da yadda suke a lokacinsu. Da aka tambaye shi ko ya san shigarsu, ya ce sarai, alhali a fim kawai ya taɓa ganinsu. Ya zauna ya lulluɓe su da farantan ƙarfe masu walƙiya tun daga kai har ƙafa, ya kafa wa kowane kwalkwali jan gashin jimina. Aiki ya yi kyau, amma hankalinsa ya ƙi kwanciya. In an kawo tuwo ya huce a gabansa. 'Yan makaranta za su zo su kalla su ɗauka haka abin yake, ga kuma sunansa a rubuce a ƙasa.

Saura kwana huɗu a buɗe nunin mahayan ga jama'a, ya naɗe ɗaya a hankici ya tafi gidan wata tsohuwar malamar tarihi. Sau biyu yana isa ƙofa yana juyawa kafin ya yi sallama. Ta sa tabarau ta jujjuya ɗan mahayin, ta ce, “Ɗana, hannunka na da kyau, amma ka sa wa kaka rigar tattaɓa-kunnensa. Waɗannan sulken zobba suke sawa, su ɗora riga a kai saboda rana. Farantan ƙarfe sai daga baya suka zo.” Ya koma ya kankare duka goma sha biyun, ya shiga ɗiga zobban sulke ɗaya bayan ɗaya da bakin allura har idanunsa suka yi ja. Ranar buɗewa wani masani ya sunkuya a kansu da gilashin ƙara girma, ya daɗe yana dubawa, mai fenti na gefe gumi ya jiƙa masa riga. Can mutumin ya miƙe, ya kira ɗalibansa ya ce su matso su ga yadda sulken wancan zamani yake.

Shi ya sa Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.