Fuskar da Kyamarar Kasuwa ta Riƙe

Ƙafar Ɗanasabe na taka ƙofar kasuwar hatsi, jiniya ta ɗauka. Wiii! Wiii! Lasifikar da ke saman falwaya ta buɗe baki: "Hattara jama'a, ɓarawo ya shigo!"

Laraba uku ke nan a jere.

Kuma wai Ɗanasabe! Shugaban 'yan sintirin kasuwa, shekara goma sha ɗaya da usur a wuya. Mutumin da ya kama Manu ɓarawon masara bara, rana tsaka, dumu-dumu da buhu, aka taru aka yi ta ɗaukar hoto kamar yadda aka saba in an yi kamu. Ko da yake shi Ɗanasabe da hoto sai Allah. Ko suna ake a gidan da bai sani ba, in aka ɗaga waya hularsa za ka fara gani.

Abin da ya fi ƙona masa rai, shi ya kawo kyamarorin nan. Wata uku yana cika wa kwamitin kasuwa kunne, har aka kirawo wani kamfani daga birni ya kafa ido goma sha biyu a kan falwayoyi. Aka ce abar tana ƙirga mutum, tana gane fuska ko cikin dubu biyar ne, ko ranar da motocin Funtuwa suka toshe hanya. Kamfanin ya ce a turo hotunan ɓarayin da aka sani, na'ura ta haddace su. Kafin a rufe baki Ɗanasabe ya tura na Manu daga wayarsa, yana cewa daga yau ko ƙuda ba zai saci dawa ba.

To ga shi ƙudan ya zama shi.

Larabar farko dariya ya yi, ya ce sabon abu ne, bai gama wayewa ba. Ta biyu ya aske gemunsa na shekara ashirin, ya aro baƙin tabarau, ya shigo a karkace. Wiii! Yau ko sallama bai yi ba ta tona shi.

Manoman Mahuta suka jawo buhunansu kusa da ƙafa. Ladidi mai ƙosai ta ɗora faifai a kan kwanonta.

"Ni kike rufe wa ƙosai, Ladidi?"

"Yi haƙuri Malam Ɗanasabe. Mutum ake ba goro ya yi shiru, ita wannan ba ta da baki balle ta tauna."

Ransa ya yi baƙi ƙirin. Dama matarsa Hansai ta daina zuwa famfo, don da ta ajiye bokiti mata ke fara wiii-wiii ƙasa-ƙasa. Kuma ciyaman ɗin kasuwa, Alhaji Isah, ya riga ya faɗa: in na'urar ta sake kuka a kansa, ya ajiye usur da kaki.

Yana tsaye yana huci sai ga Manu. Manu ɗin dai. Ya shigo ta ƙofar nan da hannu a aljihu, har ya ɗaga wa kyamara hula. Shiru kake ji, ko tari lasifikar ba ta yi ba.

Nan Ɗanasabe ya gane komai. Wa ke riƙe da makullin ɗakin kwamfuta? Maitama, sakataren kwamiti. Wa ya daɗe yana so ƙanensa Hussaini ya gaji usur? Maitama. Wa ke auren 'yar gwaggon Manu? To, ai biri ya yi kama da mutum.

Ya sami Maitama a rumfar awo, ya cakumi wuyan rigarsa.

"Munafuki! Ka cire ɗan'uwan matarka ka saka ni!"

"Sakar mini riga, bawan Allah! Ni ko kunna ta ban iya ba, shara nake sa a yi wa ɗakin."

"Ƙarya kake, la'ananne!"

Kasuwa ta watse ta dawo kansu. Masu awo suka bar tiya a cikin buhu. Da ƙyar Alhaji Isah ya raba su, ya ce a buga wa injiniyar kamfanin, Naja'atu, ta zo ta buɗe cikin abar kowa ya gani.

Kafin ta iso Ɗanasabe ya hau kan buhunan waken suya, jijiyar wuyansa kamar igiyar guga.

"Jama'a ku shaida! Duk wanda ya sa fuskata a cikin na'urar nan, ko wane ne ubansa, ya bar kasuwar nan har abada! Alhaji, ka yarda?"

"Na yarda, in kai ka yarda."

"Na rantse da Allah na yarda!"

Bayan azahar Naja'atu ta sauka daga kan babur. Ta sa aka fito da babban allon waje, aka jingina shi da bango. Ta ce ita na'ura ba ta san sunan kowa ba, ba ta san shugaba ba, ba ta san ɓarawo ba. Hoton da aka turo mata take dubawa, fuskar da ta gani a ciki ta riƙe. Ta danna, ta ce ga wanda ke sa ta kuka, ga kuma lambar wayar da ta turo shi.

Ɗanasabe ya ture mutane ya matso gaba, yana naɗe hannun riga.

Hoton ranar kamun Manu ne, daga wayarsa: ɓarawo a durƙushe ya lulluɓe kansa da riga don kunya, fuska ɗaya tak ce a fili, ta Ɗanasabe, baki har kunne, da buhun satar a kafaɗarsa.