Kukan da Ke Bayan Katanga

Juwairiyya tana shanya a tsakar gida ta sake jin kukan. Ta saki rigar da ke hannunta, ta ruga ta manna kunne a jikin katanga.

Yaro ne. Yana shessheƙa, yana jan numfashi kamar an danne masa ƙirji, sai ya ƙwalla ƙara, sai shiru. Jim kaɗan ya sake ɗaukowa daga farko.

Tun bayan ƙaramar salla ɗanta Usama, ɗan shekara bakwai, ya tafi Islamiyya bai dawo ba. An yi cigiya a masallatai da gidajen rediyo, an zaga asibitoci da tashoshin mota. Mijinta Sabitu ya rufe shagon ɗinkinsa na Gwallaga ya shiga gari nema, har kwastomomi suka zo suka kwashe yadinansu.

Gidan da ke bayan katangar na Injiniya Abdulmuhaimin ne, wanda ya daɗe yana aiki a ƙasar waje, ya dawo bara ya yi gini a nan unguwar Gwallameji ta Bauchi. Ya zo da mata fara, siririya, da ta haura hamsin. Shi Yasmin yake kiranta, 'yan unguwa kuwa 'yar Cana suke cewa, ba wanda ya taɓa tambayar ainihin ƙasarta. Ba su da ɗa. Ba ta shiga gidan kowa. Ko ana tsananin zafi wuyanta na naɗe da gyale, in an gaishe ta sai ta rusuna ta amsa ƙasa-ƙasa. Maginan da suka yi aikin gidan sun ba da labarin wani ɗaki da aka toshe tagarsa, aka bi bangonsa da soso, aka bar 'yar kafar iska kawai ta wajen katanga.

Kuma kukan ba ya tashi sai da safe, bayan Injiniya ya fita.

Da ta gaya wa Sabitu, kai ya girgiza. "Maman Usama, ki ji tsoron Allah. Ko shekaranjiya kin ce kin gan shi a kasuwar Wunti."

Ba ta yi musu ba. Ita kanta ta fara shakkar kunnuwanta. Amma abinci ya daina wuce mata, in ta ɗebo loma sai ta tuna ko an ba Usama.

Ran Laraba ta riƙe wa Sabitu riga a bakin ƙofa, ta ja shi zuwa katangar. Ya tsaya don kawai ta ƙyale shi. Da farko ba komai. Sai ga shessheƙar, sai wasu maganganu a jere da sauri waɗanda bai gane ko ɗaya ba, sannan kalma guda da ba ta buƙatar fassara.

"Mama! Mama!"

Haka Usama yake kiranta.

Sabitu ya fita ko takalmi babu. Kafin ya kai bakin layi magana ta riga shi. Masu shago suka rufe, 'yan keke suka faka, matasa suka fito da gora da duwatsu. Mai unguwa ya tare ƙofar gidan yana roƙo a jira hukuma, aka ture shi gefe. Wani ya buga wa Injiniya waya. Wani kuma ya zuƙo fetur daga babur ya cika kwalba.

Ƙyaure ya faɗi. Juwairiyya ce ta fara kaiwa ɗakin.

Matar na tsaye ita kaɗai a tsakiya, ba gyale a wuyanta. Akwai tebur da na'urori da wayoyi, da kofin ruwan ɗumi. Aka leƙa ƙarƙashin tebur, aka yage soson bango, aka farfasa silin. Babu yaro.

"Da waɗannan injinan suke cinikin yaran da 'yan waje!" in ji wani, ya maka wa na'urorin gora.

Juwairiyya ta shaƙe wuyan rigar matar. "Ina ɗana? Don girman Allah ina kika kai shi?"

Matar ta yi ta girgiza kai, 'yar Hausar da ta koya ta gudu. Dutse ya same ta a goshi. Warin fetur ya cika ɗakin.

A haka Injiniya ya kutso, rigarsa a yage. Ya yi rantsuwa, ya yi bayani, hayaniya ta cinye maganarsa. Da ya ga ashana a hannun wani, sai ya juya ga matarsa ya faɗa mata wani abu cikin yarenta, yana roƙo.

Ta share jinin da ke gangaro mata cikin ido. Ta dubi Juwairiyya, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ja numfashi, kafaɗunta suka tsuke, ta buɗe baki.

"Mama! Mama!"

Ɗakin ya yi tsit. Muryar yaron nan ce ta bayan katanga, sak.

Sunan matar na yanka Fumiyo, mutuniyar Japan. Tun tana budurwa take ara wa hotunan katun muryarta a can ƙasarsu, bayan ta biyo mijinta Bauchi kuma ta ci gaba da naɗa tana aikawa daga wannan ɗaki. Gyalen wuyan da maganar ƙasa-ƙasa duk tattalin muryar ne. Yaron da Juwairiyya ta zo ceto zane ne na wani maraya mai neman uwarsa, kuma shekara talatin ke nan wannan matar ce take yi masa kuka.