Tagar da Japheth Ya Sauke

Ranar rufe baje kolin ɗaliban zane a Samaru, Keziya ta zo don ta kwance ɗakin tafi-da-gidanka da ita da Japheth suka haɗa da tsofaffin akwatunan katako. Sai ta ga tagar ta yi ƙasa da inda suka zana ta.

"Wa ya taɓa tagar nan?"

Japheth ya sosa ƙeya. "Ni ne. Da tsayinki na auna. Na samu fili a Unguwar Gabas. Mu sake haɗa shi can, mu zauna ciki... in kin yarda."

Ta daɗe tana leƙen waje, ba ta dube shi ba.

"Ƙara sauke ta kaɗan," ta ce. "A zaune nake zane."