Gagarau Ta Farko

Motar janwe ta toshe layin kaf, masu Keke Napep sai zage-zage suke yi. Hajiya Kulu ko ɗaga kai ba ta yi ba. Tana zaune a inuwar tsohuwar motar da ke ƙofar gidanta, baƙin tabaraunta a fuska kamar kullum, tana tsince ruɓaɓɓen tumatur daga kwando.

Wannan tsohuwar motar aka zo ɗauka, Gagarau ta farko. Duk Tudun Wada an san labarinta. Daga bayan katangar gidan nan ta fito, lokacin da mijinta, marigayi Malam Lawal, yake hana kowa leƙa inda ake aikin. Maƙwabta sun sha mita, wai ko Malam yana masallaci bugun ƙarfe ba ya tsayawa. Mota ce mummuna, wallahi, ba gilashi ba kwalliya, amma ba taɓon fadamar da ya taɓa riƙe ta. Manoma suka yi ta rububi, har Malam ya buɗe gareji a Kwangila ya ɗauki ma'aikata suna kwaikwayon ta farkon.

Bayan rasuwarsa, ɗansu Zulkiflu ya sayar wa wani kamfanin Legas da garejin. To, sai ga sabuwar Gagarau: kujerun laushi, na'urar sanyi, gaba duk roba, ciki kamar zai shafi ƙasa. Suna dai yana nan, da hoton Malam riƙe da guduma a kowane allon talla. Damina ɗaya manoma suka gane, suka daina saya.

Shi ne kamfani ya tuna da tsohuwar. Za a cire mata inji, a fente ta, a ɗora kan dandamali a ɗakin baje koli, don masu kuɗi su ɗauki hoto su ce sun sayi jikarta.

Jamaluddeen, wakilin kamfanin, ya durƙusa ya gaida Hajiya da ladabi. Ya yi mata bayani a hankali, yadda ake yi wa tsofaffi. Kamfani ya sayi suna, ya kuma sayi duk abin da hannun Malam Lawal ya ƙera. Za a ba ta sabuwa fil a madadi.

"Sabuwar tana shiga fadamar Dutsen Abba da kwando ashirin?" ta tambaya.

Ya yi murmushi. Ya ce yanzu Gagarau ta wuce ɗaukar tumatur.

Ranta ya ɓaci, ɓaci na gaske. Da motar nan take ɗauko kayan matan unguwa daga gona har yau, kuma ƙarar injinta ce take tashe ta bayan asuba. Ta naɗe hannun riga, sai tabban ƙuna suka bayyana birjik daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Jamaluddeen ya kau da kai don tausayi. A ransa ya ce, oh, matanmu da suyar ƙosai.

Zulkiflu ya matso yana raɗa. "Inna, don Allah kada ki ja mana shari'a. Na riga na sa hannu."

"Ka sa naka," ta ce.

Masu janwe suka fara sauke sarƙa. Jama'a ta taru, har da tsofaffin da suka taɓa tura motar ranar da ta fara fita. Hajiya ta miƙe ta tsaya gaban motar, ta dafa ƙarfen gaba. Direban janwe ya dubi Jamaluddeen, Jamaluddeen ya dubi wayarsa. Ya ce, cikin sanyin murya, ba ya so a kai ga kiran 'yan sanda.

"Abin da hannun Malam ya yi kuka saya, ko?"

"Shi kaɗai, Hajiya."

Ta shige gida. Ba a jima ba ta fito da sifana, ba ta ko duba lambarta ba. Ta sunkuya gaban motar, ta kwance notin da ke riƙe da ɗan allon ƙarfen nan mai rubutun GAGARAU da jan fenti, rubutu mai kyau kamar na allon shago. Ta goge shi da gefen mayafi, ta ɗan daɗe tana kallonsa, don tana ƙaunar mai rubutun har gobe. Sannan ta miƙa wa Jamaluddeen.

"Ga kayanku. Ku gaida Legas."

"Inna, motar fa?" in ji Zulkiflu.

Ta cire tabarau. Idanun jajur suke, suna ruwa, irin na wanda ya daɗe yana kallon wutar da ba a kallo.

"Ubanka, Allah ya jiƙansa, ko ashana aka ƙyasta kusa da shi sai ya matsa. Fenti ya iya, sai tsayawa a hoto, don ba manomin da zai sayi mota a hannun 'yar maƙera mace. Wannan kuwa, daga ƙafa har rufi ni na yi waldarta kana rarrafe, kuma ni ban sayar ba."