Wanda Ya Ɓata Tsohon Dutse

Biyu bisa goma. Malam ya zagaye makin da jan biro, ya ja layi a ƙarƙashinsa, sannan ya kashe talabijin tun kafin sunayen masu shirin su fara hawa. Shekara talatin da biyar yana koyarwa, bai taɓa zama a aji bayan an kaɗa ƙararrawa ba, ba kuma zai fara a falonsa ba.

Likita ne ya jawo duk wannan. Bayan ritaya yatsun Malam suka fara ƙagewa, aka ce ya riƙa motsa su. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta kawo masa na'urar wasan bidiyo, irin wanda mayaƙa biyu ke dambacewa har ɗaya ya faɗi. Ya ce shirme ne. Bayan wata uku, mutumin da ya cika durowa da kayan wasan da ya ƙwace a hannun ɗalibai, shi ne ake kira cin abinci yana cewa a jira ya gama zagaye.

Cikin mayaƙan wasan su ashirin, ɗaya kawai yake ɗauka: Tsohon Dutse. Dattijo ne mai farin gemu, hannu ɗaya a baya, ba ya magana, ba ya gumi. Bugu uku ya kayar da ƙato, ya ɗan sunkuyar da kai ya wuce. Malam bai gaya wa kowa ba, amma duk lokacin da ya dube shi, kansa yake gani.

Sai wani kamfani ya mayar da wasan shirin talabijin, duk Asabar da yamma.

Tsohon Dutse na shirin ya fito da tabarau a ƙarshen hanci. Kafin ya doki mugu, sai ya tambaye shi dalilin makararsa. Bayan ya doke shi, ya sa shi kamun kunne. In abokin faɗa ya yi tsalle ya wulwula a sama, tsohon zai duba agogo ya ce, "Sake. Wannan karon da natsuwa."

Matar Malam ta yi dariya har da hawaye. "Wallahi kamar na san mutumin nan."

"A ina za ki san shi? Babu mahaluki irin wannan a duniya. Kuma gyara zamanki, ba haka ake zama a kujera ba."

Washegari ya ce sai an bi wa Tsohon Dutse haƙƙinsa. Yatsunsa ba sa jure dogon rubutu, don haka ya sa Auta ta buɗe kwamfutarta a rubuta wa kamfanin wasiƙa. Dama aikinta ke nan, danne-danne a wani ofis. Tun da ta ƙi aikin koyarwa, Malam bai sake tambayar ko na mene ne ba.

Ya shiga kai da kawowa a falo, hannu ɗaya a baya, yatsa a sama.

"Rubuta. Ni ba mutum ne mai yawan magana ba, amma zan faɗi abu goma sha ɗaya."

"Baba, don Allah maimaita wurin nan. A hankali."

Ya maimaita, yana jin daɗi. Ashe dai yarinyar ta fara gane darajar magana mai tsari.

Wasiƙar ta cinye shafi huɗu. Ya buƙaci a ba da haƙuri a rubuce, a cire wa tsohon tabarau. Ya kuma buƙaci a turo masa marubucin ya zauna a gabansa awa ɗaya, ya ga yadda dattijon kirki yake.

"Kin tabbata za ta isa hannun wanda ya rubuta abin?"

"Baba, ɗauka ta riga ta isa."

Amsa ba ta zo ba. Ya sa aka rubuta ta biyu, aka rubuta ta uku, kowacce ta fi 'yar'uwarta zafi. Auta ba ta taɓa ƙorafi ba. Wata rana ma ita ta tambaye shi ko akwai abin da ya manta bai faɗa ba. Akwai kuwa.

Bayan wata takwas zango na biyu ya fito. Malam ya zauna da jan bironsa, ya tabbata an gyara.

Ba a cire tabarau ba. An ma ƙara masa igiya. A faɗan ƙarshe, babban mugu na kwance a ƙasa, Tsohon Dutse ya fara kai da kawowa a kansa, hannu ɗaya a baya. Ya ɗaga yatsa.

"Ni ba mutum ne mai yawan magana ba, amma zan faɗi abu goma sha ɗaya."

Kafin a kai na shida, mugun yana roƙon a taimaka a doke shi kawai. Matar Malam ta zame daga kujera, tana bugun tabarma.

Malam ya miƙe. "Wasiƙata ce! Kalma da kalma! Satar amsa a gaban idona!"

Kiɗan rufewa ya tashi. Auta ta miƙa hannu ga rimot. "Baba, an gama. Bari in kashe maka."

"Ajiye! Yau sai na ga sunan marar kunyar nan, na kai wa lauya. Da shi da uban da ya kasa yi masa tarbiyya."

Ta ajiye. Ta tuna da wani aiki a kicin.

Malam ya tura tabarau ƙarshen hanci, ya matsa kusa da talabijin, biro a kan takarda. Sunaye suka fara hawa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashin "Rubutawa" ya ga cikakken sunan Auta, wanda shi ya zaɓa mata da kansa, kuma a bayansa, kamar yadda ya buƙata, ga sunan uban da ya kasa yi mata tarbiyya.